Fiyanon da Ya Fi Ƙofa Faɗi

…kuma ba zai fita ba. Na san ba zai fita ba, me ya sa na bari suka gwada? Ƙatti majiya ƙarfi, sun juya shi, sun kwantar da shi, sun ƙuje masa gefe a jikin ƙofa. Babban 'yan dakon yana share gumi: "Kawu, wannan a ɗakin nan aka haife shi. Sai dai gatari, mu sauke maka shi a buhu." Suka yi dariya. Bai san gaskiya ya faɗa ba. Gunduwa-gunduwa Baba ya hawo da shi daga gidan wata Bagirkiya da ta bar Iskandariya, ya harhaɗa shi a nan, a kan wannan daɓen da yanzu ya tsage…

Gidan zai faɗi, in ji hukuma. Gishirin teku ya cinye ƙarafansa. Kafin la'asar kowa ya fita, za a sa kwaɗo.

Ƙananan akwatunan kiɗan Baba dai jikata Nargis ta sauka da su, a naɗe cikin tawul kamar jarirai. Su sun tsira. Wannan fa?

Sau ɗaya. Sau ɗaya kawai in sake ji.

Na saka naɗin takardar daidai, na duba gefe da gefe. Baba ne ya huda ta da hannunsa, rami bayan rami, don fiyanon ya kaɗa da kansa waƙar da Inna ke yi in tana tsintar shinkafa. Fiyanon Turawa ba ya iya ta. Akwai wani sauti guda, can dab da ƙarshe, da ya faɗa tsakanin farin haƙori da baƙi cikin waɗanda ake dannawa, ba a yi masa wuri ba. Sai Baba ya sassauta wayoyin haƙori ɗaya — kaɗan, kaɗan, kunnensa manne da katako — har Inna ta ɗaga murya daga madafa: "Tsaya nan, Mitri! Shi ne." Fadan makarantarmu ta mishan, da ya kawo agogon coci gyara, ya taɓa, ya yamutsa fuska, ya kira Baba da laƙabin da ake yi wa gwanin sana'a: "Usta, fiyanonka yana mura." Baba ko ɗagowa bai yi ba. "Ba mura ba ce, Fada. Larabci ya koya."

Taka. Dama, hagu. Sai an taka feda zugazugin ciki ke cika da iska, iskar ke bin ramuka, haƙora su riƙa sauka da kansu kamar wani yana zaune… Ni ne ƙafafunsa tun ina ɗan mitsitsi. "Taka, Fahim! Waken da ka ci da safe ina ya tafi?" Ƙafa kawai. Ko sukurdireba bai taɓa bari na riƙe ba. "Hannunka na alƙalami ne. Ƙafar ce na yi haya." To ga shi nan, Baba. Na iya Faransanci, na iya jera lambobi ba kuskure, ban san ƙusar da za a fara kwancewa ba. Wa zan tambaya? Duk unguwarmu ta Attarin yanzu wa ya rage cikin masu gyara? Masu sayar da wayoyin hannu?

Ya fara! Ga shi, ga farkon… Inna, faranti a cinya…

Fsss. Iska na tsiyaya. Fatar zugazugin ta bushe, ko ɓera ne. Haka ƙirjinka yake yi a ƙarshe, Baba, fsss, ɗakin na warin gam da kafur, kana laluben bargo da yatsu kamar mai neman inda ya huje.

Gwiwar nan. Haba, gwiwa, yau ɗaya! Dama… hagu… Takardar na jan ciki. Haƙoran suna sauka rabi, suna fasawa, ba sauti. Baki na motsi, babu magana.

"Kaka! Ko sai na sa an ɗauko ka kai ma a buhu?" Nargis ce daga bene. Dariya take yi, amma na ji tsoron da ke ƙarƙashi. Ƙasa na zubowa daga rufi a kan murfin fiyanon. Na share da hannun riga. Don me nake sharewa?

To in taɓa haƙorin da Baba ya sassauta mana da yatsa, ai na san shi, ga shi nan, wanda gefensa ya yi rawaya. Na danna.

…Wannan ne?

Na sake. Ƙwang. Haƙori ne kawai da ya saki. Mura. Fada ya yi gaskiya. Shi kaɗai ba komai ba ne, ba Inna a ciki, ba kowa — sai an biyo masa ta hanyarsa, sai waƙar ta kawo shi da ƙafarta, kuma ƙafar tawa ce, kuma…

Saura kamu ɗaya na takarda. Ina ganin ramin sautin nan na Inna, ga shi can sama, ɗan ƙarami, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Takun takalma a bene. Ba na Nargis kaɗai ba. Sun zo fitar da ni.

Taka, Fahim. Na ji, Baba. Ina takawa. Ai ina takawa…