Hanɗar Kamila

Matar ta kara ɗan madubi a ƙarƙashin hancin Kamila, ta ce, "'Yata, ce mini kaka."

Yarinyar ta saci kallon mahaifinta tukuna. Sai da Labaran ya gyaɗa kai ta buɗe baki. Abin da ya fito ya fi kama da "hanha", madubin kuma ya yi gumi.

Madam Maimouna ma'aikaciyar gyaran magana ce a wani asibiti a Parakou. Ummuhani, uwar Kamila, ita ta nace sai an zo wurinta. Labaran ya biyo su ne don kawai a gaya wa matarsa abin da ya daɗe yana faɗa, wato lalaci ne ke damun yarinyar. Malamin Faransanci ne a sakandare, ɗalibansa ke cinye gasar karatu a unguwar Ganou, ga 'yarsa ta cikinsa, mai shekara takwas, tana magana ta hanci.

"Malam, ka ga gumin nan?" in ji Madam Maimouna. "Iska ce ta biyo hanci, alhali ta baki ya kamata ta fita. Can ƙuryar baki, daga sama, akwai wani nama mai laushi da ke ɗagawa ya toshe hanyar hanci in za a ce ka ko ga. Malaman Hausa hanɗa suke ce masa, mu kuma da Faransanci voile du palais. Nata gajere ne, ba ya kaiwa. Haka aka haife ta."

"In ta dage fa?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Lokacin da nake karatu a kudu, nakan ga masunta a tafki sun ɗaura zane a jikin sanda cikin kwalekwale. Shi ma voile ne sunansa. In an ja igiya ya miƙe, sai ya tare iska, jirgi ya tafi. In zanen ya gaza, iska wucewa take ta gefe, ko da mai jirgi zai yini yana yi masa tsawa."

Har ya buɗe baki zai ce kalmomin ba ɗaya ba ne, na baki namiji ne a nahawu, na jirgi mace. Sai ya haɗiye maganar. Ya san kalmar. A jami'a ya zana wannan naman da hannunsa, ya sa masa suna, aka ba shi maki. Amma bai taɓa cewa 'yarsa ta buɗe baki ya duba ba.

Abin da ya yi shi ne zaunar da ita kowace safiya kafin lakwal, wato makaranta, yana buga rula a tebur, tana maimaita kalma ɗaya har shayinta ya huce. A bara, wurin suna a gidan mahaifiyarsa a Djougou, ta gaida baƙi, yara suka kwaikwaye ta, wasu manya suka murmusa. Ya ja ta bayan ɗaki ya murɗe mata kunne, ya ce in ba za ta yi magana irin ta mutane ba ta rufe bakinta. Ta kuwa rufe. Tun daga ranar, da kai take ba shi amsa.

Madam Maimouna ta ce akwai aikin tiyata, daga baya a koya mata furuci sannu a hankali. Ummuhani ta yi ta tambayoyi. Ba ta dubi mijinta ba ko sau ɗaya, shi kuwa da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ran Asabar suka hau mota zuwa Djougou don a sanar da Hadjo, mahaifiyarsa, kafin a sa ranar aiki. A hanya ya saya wa Kamila wagashi soyayye, cukun nonon shanu, ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuyar da kai. Ya shirya kalmomin ban haƙuri da Hausa, ya sake shirya su da Faransanci, babu waɗanda suka yarda su fito.

Bayan la'asar ya dawo daga masallaci, yana cikin zaure sai ya ji wata murya a tsakar gida. Kamila ce ke ba kakarta labarin wata akuya da ta shiga ajinsu ta cinye allin malama. Maganar na ta zuba ta hanci, da sauri, har da kwaikwayon kukan akuyar. Hadjo na jera goro a kan ganye tana dariya.

"Sai malamar ta yi yaya?" in ji tsohuwar. Ba ta ce a maimaita mata ko kalma ɗaya ba.

Labaran bai taɓa sanin 'yarsa na da ban dariya ba. Ya matsa don ya ji da kyau, takalminsa ya goga ƙasa. Muryar ta yanke.

"Wane ne a zaure?" Hadjo ta tambaya.

Labaran ya sunkuya a hankali. Ya cire takalman ya riƙe a hannu, ya koma da baya har ƙofar gida, ya zauna a kan dakali inda rana ke dukan fuskarsa. Can sai ya jiyo Kamila, ƙasa-ƙasa, ta ci gaba daga inda ta tsaya.