Tabarmar 'Yan Dubiya

Sabuwa ta soka allura a tafin ƙafarta har jini ya tsatso, amma ba ta ji komai ba. Ciwon ya dawo ke nan, karo na uku.

Daga mura yake farawa. Bayan kamar kwana goma ƙafafu su mutu, hannuwa su biyo baya. Likitan Kano ya ce ƙwayar cutar ce ke harzuƙa garkuwar jikinta, sai ta juya kan jijiyoyinta. "Ki nisanci mai mura da zazzaɓi, Inna. In ya hau ƙirji, numfashi zai tsaya."

To, a ƙauyensu na Durun, wa zai gane wannan? Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, kowace Islamiyya ana karanta haƙƙin maƙwabci, dubiya a gaba-gaba. Ita kuwa Sabuwa, mai ƙuli-ƙulin da mijinta ya rasu ya bar ta ita kaɗai, sai dai ta aika da kunu. Mata suka sa ta a baki, wai tunda ta kwanta asibitin birni take ƙyamar mutane. Aka daina yi mata sallama.

* * *

Mako biyu da suka wuce Marka, maƙwabciyarta kuma aminiyarta tun suna 'yan mata, ta kwanta da tari da zazzaɓi. Sabuwa ta yi mata sannu ta kan katanga.

"Daga nan za ki gaishe ni, Sabuwa? Ni na yi miki wanka wata huɗu kina kwance."

Maganar ta yi mata zafi, kuma gaskiya ce. Kaɗaicin ma ya ishe ta. Ta yafa mayafi ta zagaya, ta tallabo kan Marka tana ba ta kunu. Marka na tari a fuskarta, ita kuwa daɗi take ji yau ta taɓa mutum.

* * *

Marka ta warke, ta tafi Gwarzo wajen 'yarta mai jego. Mura ta kama Sabuwa, ga shi yanzu ƙafafu sun mutu. Sabuwa ta aika wa ƙaninta Dabo a Kabo ya zo ya kai ta asibiti. Ya aiko cewa fetur ya yi wuya, kuma ai ta saba miƙewa da kanta, ta ƙara haƙuri.

Da jan gindi ta share tsakar gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwar darbejiya saboda 'yan dubiya. Bayan la'asar ta ji muryoyin mata suna wucewa zuwa Islamiyya. Ta buɗe baki za ta kira su, numfashin bai kai ba.

Kaza ta hau tabarmar, ta karkaɗe fuka-fukanta, ta kwanta.