Sunan da Salamatu Ba Ta Kira

Da an gama girbi mazan unguwarmu sai su watse, wasu Kano, wasu Legas, su bar mu da yara da awaki da jiran kiran waya. Mijina da Cha'ibu, mijin maƙwabciyata Salamatu, mota ɗaya suke shiga kowace shekara. Ni ce mai babbar waya, ita tata ƙarama ce mai madannai, don haka bayan azahar a tsakar gidanta muke zama muna ɓarar gyaɗar iri, wayata na cikin kwano don ƙara ta fito, muna sauraron wani labari da ake turowa kashi-kashi a gurup ɗin mata. Marubuciyar ta ɓoye sunanta, kuma wata daban ce take karantawa da murya saboda irin su Salamatu da ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko.

A ranin nan Salamatu ba ta cikin natsuwa, duk da ba za ta taɓa faɗa ba. 'Yar farinta, Maryama, tun daga yaye yayar Cha'ibu, Hajiya Ruƙayya, ta ɗauke ta riƙo zuwa Damagaram, gidan mijinta attajiri. Yarinya ta girma, ta gama karatu, ta samu aiki a Yamai, kuma mun ji cewa a makon nan za ta tafi. Sallah ta wuce, wata Sallar ma ta wuce, ba ta taka Matameye ba, yanzu kuma ko maganar zuwa sallama babu. Salamatu dai in zancen ya taso sai ta ce "ta Damagaram", ta kau da kai. Kunyar 'yar fari a wurinta ba abin wasa ba ne, ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

Labarin da muke saurare ba na soyayya ba ne, na tayar da hankali ne. Wata yarinya ce a gidan wani hamshaƙin ɗan kasuwa, duk abin da ta gani sai a ce mata ba ta gani ba. Ta ji kuka a ɗakin da ke kulle, a ce mafarki ta yi. A hankali ta fara zargin ko ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu. Akwai kuma wata 'yar ƙauye da take zuwa gidan duk shekara, ta zauna bakin madafa, ba ta kallon yarinyar, ba ta kiran sunanta, sai dai ta ajiye ƙunshin rake da ƙuli-ƙuli ta ce a ba yaran gida. Can kusa da ƙarshe aka fasa ƙwai: matar ita ce uwarta, kuma an ba da yarinyar ne don a toshe bakin ubanta a kan yadda Alhajin ya tara dukiya.

Da aka zo wurin raken nan sai da na tsaya da ɓarar, domin na sha raka Salamatu kasuwa ta zaɓo rake in za ta Damagaram. Na saci kallonta, ita kuwa ko a jikinta.

Gurup ya kama da wuta. Mata suka yi ta turo saƙon murya, wanda muke ce wa bokal, kowace tana tsine wa uwar. Wata ta ce ai akuya ma tana waiwayar ɗanta. Salamatu ta ture kwandon gyaɗa.

"Safiyatu, danna mini abin nan. Ni ma ina da ta cewa."

"Ke da ba kya sharhi?"

"Yau zan yi."

Na danna, na miƙa mata. Ta ce labari dai ya yi daɗi, ya hana ta sukuni, kuma Alhajin nan Allah ya isa tsakaninsa da mutane. Amma marubuciyar 'yar birni ce, ta zalunci matar nan. "Wa ya gaya mata rashin kiran suna rashin so ne? Mu haka muka taras. Mace ta ba da 'yarta riƙo, in ta je ta tsare ta da ido, ai ta ci fuskar mai riƙon, kamar ta zo duba ko ana ba ta abinci. Raken nan da take cewa a ba yaran gida, tun ranar kasuwa take zaɓensa gaɓa-gaɓa, kuma ta san bakin da take nufi. Wadda ta rubuta ba ta taɓa haihuwa ba, shi ya sa." Ni kuwa na tura kafin in yi tunani.

Ba a yi la'asar ba saƙo ya shigo, ba ta gurup ba, ta lambata kai tsaye. Na kunna ba tare da na duba ba.

"Ina wuni, Baba Safiyatu. Na san Inna tana kusa da ke, ki bari ta ji."

Muryar Maryama ce. Hannun Salamatu ya tsaya cak a cikin kwando.

"Inna, ni na rubuta. Ɗakin da ke kulle da asirin dukiya duk ƙirƙira ce, Hajiya ba ta taɓa cuta ta ba. Matar bakin madafa ce kaɗai ban ƙirƙira ba. Na san kunyar 'yar fari, ba baƙuwa ba ce ni. Amma su sauran 'yan fari suna cin tuwon uwarsu, tana yi musu kitso, tana dukansu, suna da abin da za su gane ta da shi. Ni kunyar kaɗai na samu. Yau kin yi magana a kaina fiye da duk wadda kika taɓa yi mini, kuma a gaban matan da ba ki sani ba. Gobe da safe motarmu za ta tashi. In akwai abin da za ki ce mini, ni ki gaya wa."

Wallahi na ji haushin yarinyar, na kuma ji tausayinta, na rasa wanda ya fi. Salamatu ta miƙo hannu. Na danna mata. Ta kai wayar bakinta, leɓunanta suka motsa, ba abin da ya fito. Yatsana ya gaji na saki, saƙon ya tafi, babu komai a ciki sai numfashi da kukan kaji.

Amsa ba ta jima ba. "Na ji, Inna. Shi ne dai abin da na saba ji."

Salamatu ta tashi ta shiga ɗaki. Na kira ta, ta ce in je gida kawai.

Washegari da hantsi ina shanya a gindin katangar da ta raba mu, sai na ji motsinta tana zuba wa awaki dusa. Daga nan na ji wata murya ƙasa-ƙasa, kamar mai koyon karatu. Ta fara ta tsaya, ta sake farawa. Sai ga shi ya fito gaba ɗaya.

"Maryama."

Ta sake faɗa, ta kuma faɗa, tana kuka, ba mai ji sai awaki. Na san ba daidai ba ne, amma na ciro wayata na ɗaga sama da katanga na danna. Ban san ta hango hannuna ba sai da ta yi shiru.

"Safiyatu."

"Na'am."

"In ya ɗauka, ki tura mata. Kada dai ki kunna in ji."

Na tura. Alama ɗaya ta fito ta tsaya, wato bai isa ba, motar Yamai ta riga ta shiga inda babu rezo, waya ba ta kamawa. Na gaya mata ta bayan katanga. Sai na ji ta jawo turmi ta zauna a kai daidai inda nake. Rana ta take, inuwa ta gudu daga wurin, ba ta matsa ba. Jim kaɗan sai ta ce, "Duba mini kuma."