Ranar da Nababa Ya Kai Injinsa Ɗambatta

Nababa na cikin goge hannayen gem da tsumma, ko karyawa bai yi ba, sai ga Kamilu mai cajin waya ya faɗo rumfar babu sallama, ya cusa masa waya a hanci.

"Ka gani? Sabo na tafe! Naka ya zama tsohon yayi, wallahi."

Rumfar dai ba wata rumfar a zo a gani ba ce. A jikin katangar gidansu take, a wani ƙauye gefen Makoda: talabijin ɗaya, injin gem ɗaya na buga ƙwallo a talabijin, benci biyu, da farantin sola a kan rufi. Amma tun da aka cire tallafin mai komai ya haukace, rumbu ya ga ƙasa tun kafin ruwa ya zauna, wannan injin ne ke riƙe da gidan. 'Yan acaɓa da samarin da suka taso daga gona su ke zuwa buga ƙwallo, abin da suka ajiye shi ne manja, shi ne sabulu, shi ne kuɗin niƙa. Kuma da kuɗin adashen matarsa Barira aka cika aka saye shi shekara uku da suka wuce, don haka ko Nababa bai faɗa ba, ya san ba nasa ne shi kaɗai ba.

Ranar kasuwar Ɗambatta ce, mutane sun taru wajen mai shayi suna jiran mota. Kafin a ce me, duk sun dawo bakin rumfa.

"Wa ya faɗa?" in ji Nababa.

"Wani Bature ne ya ce wani ma'aikacin kamfanin da ke ƙera injin ya tsegunta wa abokinsa," in ji Kamilu. "Ba ya cin faifai ko kaɗan. Ƙwaƙwalwarsa ta ninka ta naka sau uku. Gumin ɗan ƙwallo ma za ka ga yana ɗiga, ciyawar fili kuwa ɗai-ɗai za ka ƙirga ta."

"To mu da muke fama da ciyawa a gona, sai mu biya kuɗi mu zo mu kalli wata?" in ji mai shayi.

"Kai ba za ka gane ba. An ce har koyon wasanka yake yi. In ka saba bi ta hagu, gobe ka tarar ya tare hagu."

"Auzubillahi," in ji wani tsoho, ya ja da baya kamar injin na cikin wayar.

Sai da surutu ya lafa sannan Baba Dabo ya sa baki. Ƙanin mahaifin Nababa ne, shekara arba'in yana dillancin hatsi, kuma bai taɓa yarda akwai wani kaya a duniya da ya fi ƙarfin saninsa ba.

"Nawa suka yi masa kuɗi?"

"Ba su faɗa ba tukuna, Baba. Wasu sun ce dala ɗari shida, wasu ɗari takwas. Akwai wanda ya rantse sai dubu," in ji Kamilu.

"Wa ya taya?"

"Ba a taya ba. Hasashe ne."

"Ikon Allah! Kaya ba a kasa ba, ba a taya ba, amma ana rantsuwa a kan kuɗinsa."

Nan fa aka shiga juya dala zuwa naira, naira zuwa buhun gero, gero zuwa bijimi. Mai shayi ya ce bijimi ɗaya ne da tunkiya, wani ya ce ƙarya ne, bijimi biyu. Saura kaɗan a ba hammata iska a kan abin da babu wanda ya taɓa gani, sai Baba Dabo ya kama hannun Nababa ya ja shi bayan rumfa.

"Ɗana, me ke samun tsohon gero ranar da sabo ya shigo kasuwa?"

"Faɗuwa yake, Baba."

"Wake fa?"

"Haka."

"Gyaɗa?"

"Ita ma."

"To wannan abin naka ya fi gero ne? Lokacin kakarsa ne ya zo. Kamilu ya ce ya kusa fitowa. Yau ka kai shi, tun labari bai isa Ɗambatta ba. Ka sayi takin da ka rasa, ka ɓoye sauran kuɗin. Ranar da sabo ya sauka, irin naka zube shi za a yi kamar tumatir, ka ɗauki biyu da kuɗin ɗaya."

Gaskiyar magana, ba a ga laifin Nababa ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya taɓa ganin mutumin da ya riƙe hatsi har kaka ta cim masa, ya dawo daga kasuwa yana magana shi kaɗai. Ga masararsa ta fara ja saboda rashin taki. Tsoro ya kama shi sosai, ya ga injin ya koma kuɗin kaza yana ji yana gani.

Ya shiga gida ya ɗauki wani tsohon zanen Barira ya naɗe injin. Tana bakin murhu tana dama koko, ta ɗago kai.

"Ina za a kai shi kuma?"

"Dubawa za a yi masa. Fankarsa na ƙara."

Fankar na ƙara, wannan gaskiya ne. Sauran kuwa bai iya kallon idonta ba da ya faɗa.

"To a yi a dawo da shi yau," in ji ta. "Gishiri ma ya ƙare."

A cikin bas mutum biyar aka jera a kujerar mutum uku, ga kuɗin mota an ƙara. Nababa ya rungume ƙunshin a ƙirji, duk ramin da aka faɗa sai ya ɗaga shi sama. Wata tsohuwa da ke gefensa ta daɗe tana kallonsa, can ta ce, "Allah ya ba shi lafiya. Zazzaɓi ne?" Ya ce amin kawai. Baba Dabo kuwa tun daga Makoda yake nanata masa magana ɗaya: mai kaya ba ya baki, dillali ke magana, in ya kuskura ya ambaci sabon injin to babu ruwansa.

Shagon da suka nufa na wani Iliyasu ne, a layin masu waya kusa da tasha. Saurayi ne mai fara'a, ya haɗa injin da talabijin, ya buga minti biyu, ya kashe.

"Dubu ɗari da hamsin."

"Albarka," in ji Baba Dabo, yana kallon rufi.

"Da saba'in."

"Albarka. Yaro, wannan kayan gida ne, ba na kasuwa ba. A ɗaki yake kwana, ba ya shan rana. Dubi jikinsa."

"Da tamanin."

Baba Dabo ya fara naɗe injin a zanen, ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya gyaran hula. Haka yake yi wa 'yan Kudu masu sayen wake, kuma bai taɓa kuskurewa ba.

"Ɗari biyu, Baba."

Tsohon ya juyo a hankali, ya kama hannun Nababa ya haɗa da na Iliyasu. "An sallama. Allah ya sa albarka."

Da suka fito sai da Baba Dabo ya yi dariya har da tari. "Ka ga yadda ya yi saurin faɗawa? Yaro ne, bai san kaka ba." Ya karɓi la'adarsa, ya tasa Nababa gaba har rumfar masu taki, aka ɗaure buhu biyu aka kai tasha. Fiye da rabin kuɗin ya tafi a nan.

A masallacin kasuwa abin ya fara cin Nababa. Yana sallar azahar amma fuskar Iliyasu yake gani, da fara'ar nan tasa. Tun yana ƙarami ake karantar da su cewa mai sayarwa ba ya ɓoye abin da ya sani game da kayansa. Ko akuya ce mai tari sai ka faɗa, in ba haka ba albarkar cinikin ta tafi. Shi kuwa ya ɗora wa bawan Allah kayan da gobe za su zama banza, ya yi shiru. Da wannan takin zai ciyar da iyalinsa? Ya ji kunya ta rufe shi har wuya.

"Baba, komawa zan yi in faɗa masa."

"Ka faɗa masa me? Kai Nababa, anya lafiyarka?"

Amma Nababa ya riga ya sa takalmi. Baba Dabo ya biyo shi yana faɗa, yana cewa a zuriyarsu ba a taɓa haifar irinsa ba.

Iliyasu na cin gurasa suka shiga. Nababa ya durƙusa a gaban kanta.

"Malam Iliyasu, na cuce ka. Akwai abin da na sani na ɓoye maka. Sabon inji na nan fitowa, wanda ba ya cin faifai. Ranar da ya sauka wannan ba zai yi rabin abin da ka biya ba. Ka yafe mini."

Iliyasu ya tsaya da loma a hannu. Sai ya fashe da dariya, har maƙwabcinsa mai gyaran waya ya leƙo.

"Wannan labarin? Ai tun bara muke jinsa! Su masu ƙera shi ko uffan ba su ce ba. Masu hasashen ma shekara biyu suke cewa, wasu uku."

"An ce ya kusa," in ji Nababa, murya ƙasa-ƙasa.

"A wurinsu shekara uku kusa ce. In ma ya fito, wa zai saya? Da dalar nan? Kowa tsoho yake nema, ga shi kaya ba sa shigowa. Irin naka duk sati sai ya ƙara kuɗi. Ɗazu kuna fita wani ya taya shi ɗari biyu da tamanin, na ce albarka."

Baba Dabo ya matso. "Tsohon kaya ya tashi alhali ana jiran sabo? Ba a taɓa yi ba!"

"Baba, gero a gonarku ake nomansa. Wannan da dala ake nomansa." Ya juya wajen Nababa, ya dafa kafaɗarsa. "Amma wallahi ka burge ni. Na yafe maka duniya da lahira."

Kai, jama'a! Mutum ya yi asarar dubu tamanin da abin cefanensa a wuni ɗaya, kuma shi ake yafe wa. Nababa ya tuna Barira. Ya tuna gishiri.

"To a warware cinikin mana," ya ce. "In kawo maka abin da ya rage, takin kuma in mayar. Da shi nake ciyar da gida, samari ke biya su buga a rumfata mai sola."

"A'a!" Baba Dabo ne, ba Iliyasu ba. "Da bakina na ce an sallama, a gaban mutane. Shekara arba'in ba a taɓa warware cinikin da na ƙulla ba, ba kuma za a fara a kan abin wasan yara ba."

"Baba, ni fa kake wa dillanci."

"Shi ya sa nake kare maka mutunci."

Iliyasu ya ƙarasa gurasarsa yana kallonsu. Da ya ga idon Nababa ya kawo ruwa, sai dariyar ta tsaya masa.

"Ka ce kana da sola? Da masu bugawa kullum?"

"Har layi ake yi."

"To ni ajiye shi zan yi, don na san tashi zai yi ta yi. Da ya zauna a kanta, gara ya yi aiki. Ka tafi da shi. Nawa ne, amma yana hannunka. Duk ranar kasuwa ka kawo mini rabin abin da ya samo."

"Kamar kiwon tunkiya ke nan," in ji Baba Dabo, fuskarsa ta washe. "Wannan ciniki ne mai kyau. Sabon ciniki ne kuwa, yana da tasa la'adar."

Nababa ya ɗauki injin ya naɗe shi a zanen.

La'asar sakaliya suka sauka a ƙauye. Samarin da ke zaune a bencin rumfa tun azahar suka hango ƙunshin zanen, suka sa ihu. Kamilu ya taho da gudu da waya a hannu, wai yanzu wani ya ce dala ɗari tara ne, kuma akwai ƙarami na aljihu da zai biyo baya. Nababa ya bi ta gefensa kamar bai ji ba. Ya sa aka shigar da takin zaure, shi kuma ya wuce cikin gida da injin.

Barira na tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi ƙunshin, ta saki ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Tun safe gabana ke faɗuwa, da aka ce tare da Baba Dabo kuka tafi. An gyara fankar?"

Ga hanya a buɗe. Injin ne dai, zanen ne dai, in ya ce an gyara shi ke nan, takin ma ya san abin da zai ce a kansa. Ya tsaya da abin a ƙirji har hannunsa ya gaji.

"Barira, ajiye rariyar nan tukuna."

Ya zauna a kan turmi ya faɗa mata komai, tun daga gero da wake da gyaɗa har zuwa yafiyar Iliyasu. Bai rage ko ɗaya ba, har ƙaryar da ya yi mata da safe. Da ya gama ta daɗe tana kallon ƙunshin, daga waje kuma samari na ta kiran sunansa a zo a kunna.

Ta tashi ta karɓi injin daga hannunsa, ta warware zanenta a hankali, ta ninke shi ta saɓa a kafaɗa. Sannan ta miƙa masa injin tsirara.

"Riƙe shi da kyau," ta ce. "Kayan mutane ne."