Gogen Mama Jane

Madaurin akwatin gogen yana naɗe a hannun Mama Jane lokacin da yaron da ke bayan babur ya fizge shi. Ko ita ce ta ƙi saki, ko madaurin ne ya riƙe ta, Rahinatu ba ta sani ba har yau. Ta dai ga tsohuwar mai shekara saba'in da huɗu ta kife a kan kwalta, babur ɗin kuma bai tsaya ba. Haka ya ja ta. Takalminta ɗaya ya fita, tabaranta ya tarwatse, sai da ƙeyarta ta daki dakalin bakin titi sannan madaurin ya tsinke.

Ƙarfe ɗaya da rabi ne na rana, a unguwar Tottenham ta Landan, ga mutane tsaitsaye suna jiran bas.

Shekara shida suna maƙwabtaka, ƙofa da ƙofa a hawa na huɗu na gidajen council, na hayar ƙaramar hukuma. Rahinatu tana aiki a gidan rediyo, Jane kuwa tsohuwar nas ce 'yar Ireland, ba miji ba ɗa. Duk watan Maris makarantar firamaren unguwar takan gayyace ta ta yi wa yara tatsuniyoyin ƙasarsu, na ƙattai da mutanen ɓoye masu zama a ƙarƙashin tudu, ta goga musu goge, ta koya musu busa ƙaramar sarewar ƙarfe. Ranar ne taron rufewa. Badariyya, 'yar Rahinatu mai shekara takwas, ita za ta fara busa, shi ya sa uwar ta ɗauki hutu suka taho tare da Jane.

Rahinatu ta durƙusa, ta warware mayafinta ta danne raunin da ke ƙeyar Jane. Jinin ya ratsa shi, ɗuminsa na bin yatsunta har gwiwar hannu.

Can gaba aka ji ƙara. Babur ɗin ya zame a kwana, mai tuƙin ya tashi ya tsere, na bayan kuwa ƙafarsa ta maƙale. Akwatin ya faɗa ƙarƙashin tayar bas, gogen ya fashe kamar an taka ƙwarya. Maza suka rufar wa yaron. Osmanu mai shagon nama, mutumin Kumasi, shi ya cire masa hular kwano ya riƙa maka masa ita a fuska. Wani na shuri a ciki, wani na taka hannun. Yaron yana kiran uwarsa da Turanci, bakinsa duk jini.

Rahinatu ta ɗaga murya ta ce wa Osmanu ya ji tsoron Allah ya kawo mata tawul, kisa ba zai tsayar da jinin nan ba. Ya tsaya yana haki, ya dubi hannuwansa, sannan ya ruga shago.

"Yana numfashi?" ya tambaya da Hausarsa ta zangon Kumasi da ya dawo, Jane yake nufi. "Na kira ambulance."

Jane ta buɗe ido ɗaya. Ɗayan ya kumbura ya rufe.

"Yaran suna jira," ta ce a hankali.

"Mama, bar zancen yara yanzu. Ki dube ni."

"Ki canza kaya kafin ki je. Kada yarinyar ta gan ki haka."

Ba ta sake magana ba. Motar asibiti ta ɗauke ta, 'yan sanda suka ɗauki yaron a kwance. Matar Osmanu ta shigar da Rahinatu bayan shago, ta zuba mata ruwa ta wanke hannu, ta ara mata doguwar riga.

A makaranta ta tarar an jera kujeru, an manna zanen yara a bango, malamar yaran tana ta duba agogo. Badariyya na zaune a gaba da koren ƙyalle a ka, sarewa a cinya.

"Mummy, where is she?" ta tambaya, tana neman Mama Jane.

Rahinatu ta ce Mama Jane ta faɗi, tana asibiti. Yarinyar ta kalli rigar da ba ta taɓa gani a jikin uwarta ba.

Kwana biyu Jane ta yi ba ta farfaɗo ba. Ranar Asabar da hantsi ta cika, Rahinatu na riƙe da hannunta, domin ɗan ƙanwarta da zai zo daga Ireland an soke tashin jirginsa.

Da ta koma gida an fara yayyafi. Ta fita baranda, sai ta ga shanyar Jane tana nan a ɗaya ɓarin, bayan shingen da ya raba barandar biyu: rigar sanyi, rigar matashin kai, safa uku. Ta ɗauko sandar tsintsiya ta miƙa ta saman shingen, ta janyo su ɗaya bayan ɗaya. Safa ta ƙarshe ta yi mata nisa. Ta bar ta tana ɗiga.