Usur a Hannun Suruki

Tun lokacin da Peter ya nuna Shafi'i da yatsa ya ce shi ne zai tsaya gadi ranar ɗaga tankin ruwa, Amna ta san akwai matsala.

Amna ce shugabar ayarin. Injiniya ce 'yar Kazaure, kuma kamfanin da ke kafa famfunan sola a ƙauyukan Babura da Gwiwa da Roni ya danƙa mata mutanen da ba abin da ya haɗa su sai aiki. Akwai Peter, injiniya daga ƙasar Holan, dogo, mai faɗin abin da ke bakinsa ko a gaban wa. Akwai Daudu mutumin Damagaram, direban motar ƙugiya mai ɗaga kaya masu nauyi, wanda in ya fusata yakan manta Hausa ya koma Faransanci. Sai Baba Kura, dattijon da ya taso daga Barno tun yana saurayi, shi ne shugaban masu walda da ɗaurin kaya, kuma duk yaran da ke aikin ƙarfe a wurin shi ya koya musu riƙon guduma. Rabin aikin Amna injiniyanci ne, ɗaya rabin kuwa tsayawa tsakanin waɗannan mutane kada wani ya taka wani.

Dokar Peter ita ce duk ranar da za a ɗaga abu mai nauyi, sai an ware mutum ɗaya ba ya taɓa komai, kallo kawai. Da ya ga abin da bai gamshe shi ba, ya ɗaga murya ya tsayar da kowa, ko da shugaban kamfani ne. Doka ce mai kyau, Amna ba ta musun wannan. Peter ya taɓa gaya mata a mota cewa a wani aiki da suka yi a bakin teku, ƙarfe ya faɗo wa abokinsa a gaban idon wani ƙaramin ma'aikaci da ya ga matsalar amma ya ji nauyin yin magana. Tun daga ranar ba ya ɗaukar shiru da wasa.

Kuma ya zaɓi wanda ya dace, don a cikin ma'aikatan Shafi'i ya fi kowa ido. Abin da Peter bai sani ba shi ne Shafi'i yana auren Sadiyya, 'yar Baba Kura.

Duk wanda ya zauna a wurin aikin nan da ido biyu ya san yadda suke. In Baba Kura ya shigo ta gabas, Shafi'i ya sulale ta yamma. In ba makawa suka haɗu, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ko ruwa ba ya sha in tsohon yana kusa. Sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinsa ba, sai dai ya ce "su Baba". Wannan mutumin ne aka ce ya tsaya ya daka wa surukinsa tsawa.

Amna ta ja Peter gindin wata kuka ta yi masa bayani da Turanci. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Amna, ƙarfe bai san suruki ba. In ya ga haɗari zai yi magana. Mutum ne mai hankali."

"Hankalin ne zai hana shi," in ji ta. "Mu canja shi da wani."

"Da wa? Sauran duk yaran Baba Kura ne, ke kika gaya mini suna tsoronsa. Wannan aƙalla yana gani."

A nan ya fi ta gaskiya, abin da ya ƙara ɓata mata rai ke nan. Da yamma, a hanyar komawa Kazaure, ta sa aka tsaya a wani shago ta sayi usur irin na alƙalin ƙwallo. Dabararta ke nan: usur ba ya kiran sunan kowa, ba shi da suruki. Da ta miƙa wa Shafi'i washegari, ya karɓa da hannu biyu yana ajiyar zuciya.

"Allah ya saka da alheri, Injiniya. Wallahi jiya ko abinci ban iya ci ba."

Ranar ɗagawa ta zo da zafin bazara mai cin ƙeya. Ƙauyen yana gindin duwatsu, bayan an bar garin Roni, kuma mutanensa sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu, don sun gaji da jan ruwa a rijiyar da take ƙafewa tun kafin azahar. Mata sun jeru a bayan danga, 'yan acaɓa sun kashe babura sun tsaya kallo, mai gari yana kan tabarma a inuwa. Hasumiyar ƙarfe da za a ɗora tankin a kanta tana tsaye tana jira. Tankin kuwa, na ƙarfe, yana kwance a ƙasa an ratsa masa igiyoyin waya.

Baba Kura da kansa ya ɗaura igiyoyin. Peter ya zaga ya duba, ya ɗaga babban yatsa. Daudu ya yi bisimilla ya tayar da inji.

Tankin ya rabu da ƙasa a hankali. Baba Kura yana gefe da igiyar saiti a hannu, yana jan sa kada ya yi lilo. Amna ta kasa kallon tankin, Shafi'i take kallo. Yana tsaye a kan wani dutse, usur a baki, gumi na bin gemunsa.

Tankin ya wuce tsayin mutum, ya wuce tsayin soro. Sai ta ga idon Shafi'i ya tsaya a wuri ɗaya.

Ya busa.

Daudu ya tsayar da ƙugiya nan take, tankin ya yi girgiza ya tsaya a sama. Har Amna ta fara jin daɗin dabararta, sai ta ga abin da ba ta lissafa ba. Usur ya ce a tsaya, amma bai faɗi dalili ba. Baba Kura, mutumin da ya saba duk matsala shi ake jira ya duba, ya saki igiyarsa ya taka ya shiga ƙarƙashin tankin, ya ɗaga kai yana neman abin da ya faru.

Shafi'i ya sake busawa, ya sake, har jijiyoyin wuyansa suka fito. Tsohon ko waiwaye bai yi ba, sai ma ya ɗaga hannu alamar ya ji, a bar shi ya duba. Daga inda Amna take ta hango abin da Shafi'i ya gani: igiyar da ke bayan tankin tana tsinkewa sili-sili a inda ta goga da gefen ƙarfe. Peter yana can ɗaya gefen motar, ya taho da gudu yana ihu da Turancin da ba wanda ya ji saboda rurin inji.

Sai Shafi'i ya tofar da usur.

"Kura! Kai Kura! Fita daga nan! Kurma ne kai? Fita na ce!"

Muryar ta ratsa ƙarar injin ta bugi duwatsu. Baba Kura ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi, ya yi baya da sauri don ya ga wane mara kunya ne. Bai gama juyowa ba igiyar ta ɓalle. Tankin ya karkace, ya zame daga ɗayar, ya rufto daidai inda sawun tsohon yake. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafar kowa.

Salati ya tashi daga bayan danga. Daudu ya kashe inji ya kifa kansa a kan sitiyari yana ambaton Allah. Da ƙura ta lafa, ga Baba Kura zaune a ƙasa, hular kwanonsa ta gangara gefe, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Murnar ba ta daɗe ba. Da aka gama hamdala, sai wani irin shiru ya sauka, don kowa ya ji abin da aka faɗa, kuma kowa ya san bakin da ya faɗa. Yaran Baba Kura suka sunkuyar da kai. Mai gari ya mai da hankalinsa kan carbi. Shafi'i ya sauko daga kan dutsen, ya cire rigar aiki ya ninke ta ya ajiye, ya nufi bayan kuka.

Amna ta bi shi.

"Ina za ka?"

"Injiniya, na gama aiki a nan." Idonsa ya yi ja. "Da wane ido zan sake kallonsa? A gaban yaransa, a gaban gari, na kira shi gatsal, har na ce masa kurma. Kafin la'asar maganar nan tana kunnen Sadiyya. Ni ko gidan ban san yadda zan shiga ba."

"Ransa ka ceta."

"Na sani. Da za a sake, zan sake. Amma ba zan iya tsayawa ba."

Sai ta ji ana tafa hannu. Peter ne yake tara mutane. Wannan ma al'adarsa ce: bayan kowane haɗari a yi da'ira, kowa ya faɗi abin da ya gani dalla-dalla, ba zargi, don kada a maimaita. Fuskarsa ta yi fari fat, kuma Amna ta san abin da yake shirin yi. Zai jawo Shafi'i tsakiya ya rungume shi, ya ce kowa ya ji yadda ya yi ihu, haka ake so. Zai maimaita kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kuma ita zai sa ta fassara. Da kyakkyawar niyya zai ƙarasa yankan da aka fara.

Ta tare shi kafin ya isa.

"Peter, ka bar ni in ja wannan zaman."

"Dole a faɗi gaskiya. Usur ɗinki bai yi aiki ba, muryarsa ce ta yi."

"Gaskiya ne, kuskurena ne, kuma ni da kai za mu zauna mu gyara shi kafin a sake ɗaga ko bokiti. Amma in ka yabe shi a gaban tsohon nan, yau ne ranarsa ta ƙarshe da mu, watakila har gidansa ya girgiza. Ka taɓa ganin abin da shiru ya jawo, na sani. Yau an yi maganar da kake so. Ka bar mini abin da ya biyo baya."

Ya dube ta, muƙamuƙinsa na motsi. Sannan ya juya ya nufi inuwar motar.

Aka yi da'irar a inuwar motar. Shafi'i ya zo ne kawai don Amna ta ce umarni ne, ya durƙusa can baya, ya juya rabin jikinsa. Baba Kura yana zaune a kan buhun siminti yana kakkaɓe hularsa, fuskarsa ba ta nuna komai. Amna ta san in ya miƙe ya tafi, yaransa za su bi shi kaf.

"Baba, sannu da arziki. Kai za ka fara. Me ya faru?"

Ya daɗe yana juya hular.

"Ni na ɗaura igiyar nan, 'yata. Ban sa mata matashin da zai hana ta goga da gefen ƙarfe ba. Laifina ne, kada a nemi wani." Ya yi gyaran murya. "Sannan na shiga inda na sha hana yara shiga."

"Me ya fito da kai?" Daudu ne ya tambaya, ya manta kansa. Da ya ga idon da Amna ta yi masa, ya so ƙasa ta tsage.

Baba Kura bai kalli kowa ba.

"Usur na ji. Ya yi ƙara, na fito."

Amna ta juya wa Peter maganar da Turanci yadda take, ba ragi ba ƙari. Ta ga bakinsa ya buɗe. Ya dubi tsohon, ya dubi Shafi'i da ke tonon ƙasa da tsinke, ya dubi ramin da tankin ya yi. Sannan ya rufe bakin, ya gyaɗa kai.

"Usur mai kyau ne," ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa.

Wani daga cikin yaran ya yi dariyar da ta fi kama da kuka. Baba Kura ya miƙe, ya taka zuwa gindin dutsen da Shafi'i ya tsaya, ya sunkuya ya tsinci usur ɗin daga cikin ƙasa. Ya goge shi da bakin rigarsa sosai, ya kawo wa Amna.

"Injiniya, gobe in an kawo sabuwar igiya, a mayar wa mai shi. Kada a ba kowa." Ya sa hularsa, ya ɗan ɗaga murya yadda za ta kai can baya, idonsa yana kan duwatsu. "A kuma gaya masa kunnena ya yi nauyi. In ya busa ban ji ba, ya busa irin ta ɗazu."

Shafi'i ya kifa fuskarsa a cikin tafin hannunsa, kafaɗunsa na rawa. Amna ta je ta ɗauko rigar aikin da ya ninke, ta ɗora usur ɗin a kai, ta ajiye a gabansa.