Kwana Goma Sha Tara na Gulbi

Tun da hantsi Mamman ke zirga-zirga a ƙofar biron ayyuka na Madarumfa. Ya zauna bisa benci, ya miƙe, ya leƙa taga, ya koma. Mai gadi har ya gaji ya ce masa, "Malam, ko benci cizo yake?"

Ai dole. Shekara ashirin yana magini a ƙarƙashin wasu, sai bana ya samu kwangilarsa ta farko: aji biyu na lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye hayin gulbi, wa'adin kwana casa'in. Takarda ta ce duk ranar da ya ƙara, akwai tara. To ga shi ya gama da lattin kwana goma sha tara, kuma ya lissafa ya sake lissafawa, tarar ba ta biyuwa sai ya sayar da garkar bakin tabki da ubansa ya bar masa. Daga garkar nan Halima, matarsa, ke cefane rani da damina.

Kuma wallahi ba laifinsa ba ne! Daminar casa'in da huɗu wa bai gan ta ba? Gulbi ya cika ya batse, kamyon siminti, babbar motar kaya, ya yi kwana goma sha tara a gaɓa yana kallon ruwa. Ibrahim, kontrolan da ke duba aikin, ya gani da idonsa. A wajen wani suna ma ya dafa kafaɗar Mamman ya ce, "Ba komai, za a ƙara maka kwanaki." Sai aka tashi aka canza Ibrahim zuwa Diffa, ya tafi da bakinsa.

Da aka kira Mamman cikin biro, ya tarar da sabuwar kontrola, Madam Asma'u, tana jujjuya takardu. Bai ko gama gaisuwa ba ya kwararo bayani, gulbi, kamyo, suna, kafaɗa.

"Na ji," in ji ta. "Ka rubuto neman ƙarin wa'adi lokacin da ruwan ya tare ka?"

"Madam, mutum da mutum muka yi magana. Shaidu kuwa, maigari, masunta, direba, ko yanzu in kawo miki su."

"Ba na ƙaryata ka, Malam Mamman. Ni ma ruwan ya ci mana katanga." Ta ajiye takardun. "Ko babu wasiƙa, in dai kayen aiki ya nuna an tsaya, zan kai maganar gaba."

Ta jawo kayen, wannan littafi mai baƙin bango da ake rubuta halin aiki duk mako. Mamman ya ƙura wa littafin ido. Ya tuna. Makon farko na ruwan, Ibrahim ya ɗaga alƙalami ya tambaye shi, "In rubuta aiki ya tsaya?" Shi kuwa, uban 'yan jin kunya, ya ce, "Haba! Aikina na farko a ce ya tsaya? Manya su karanta su ce magini ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa? Rubuta yana tafiya." Har ya sa leburori biyu suna ta kwashe yashi daga nan zuwa can don kada wurin ya yi shiru.

Madam ta karanta a hankali, tana fassara masa. Mako na ɗaya, aiki na tafiya. Na biyu, aiki na tafiya. Na uku, babu abin da ya tare aiki.

"Wannan sa hannun na wa ne?"

Ya duba. Sau uku, ga shi nan ɓaro-ɓaro, har da 'yar lanƙwasar da ya yi wata guda yana koyo don ranar da zai zama ɗan kwangila.

"Nawa ne," ya ce.

Bai bi hanyar gida ba. Ya gangara bakin tabki, ya tarar da Halima duƙe tana dashen albasa. Ta ɗago, hannu duk laka.

"An ƙara kwanakin?"

Ya tsaya yana kallon kwamin da ta gama da wanda ta fara.

"Halima," ya ce, "bar dashen nan haka."